Kalmomin Turanci na gudu, sauri da gaggawa: yadda za ka zaɓi wadda ta dace

A jarrabawar WAEC ana son insha'in Turanci ya kai kalmomi 450. Idan ɗalibi ya zaɓi labari, kuma labarin ya biyo ta kan ɓarawo a kasuwa, abin da mai duba takarda ya saba gani shi ne ɓarawo *ran quickly*, 'yan kasuwa *ran quickly*, ɗan sanda ma *ran quickly*. Nahawun bai karye ba, amma labarin ba shi da rai. Da a ce da Hausa ɗalibin zai ba da shi, ba zai maimaita "gudu" sau uku ba. Zai ce ɓarawo ya fizge jaka ya arce, jama'a suka rufa masa baya, ɗan sanda ya sheƙo a guje, aka garzaya da mai jakar asibiti. Ashe bambancin yana kansa tun tuni. Abin da ya rage masa shi ne ya san kalmar Turancin da take zama a kowane gurbi, ya kuma san inda gurbin Turanci ya saɓa da na Hausa. Haddace jerin kalmomi masu kama da juna ba ya wadatarwa, domin a wannan fagen da wuya ka sami kalmomi biyu da ɗaya za ta maye gurbin ɗaya a ko'ina.

Mataki na farko: gane inda Turanci yake ajiye saurin

Wannan shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Dubi waɗannan jimlolin: ya fita a guje, ta faɗa ɗaki wuf, ya tsallaka titi da gudu. Aikatau a Hausa yana gaya maka inda aka nufa, wato fita ko shiga ko tsallakawa, sannan saurin ya biyo baya cikin "a guje" ko "da gudu" ko wani amsa-kama irin su wuf da fit da zuruf. Turanci yana juya abin. Saurin yana cikin aikatau ɗin kansa, inda aka nufa kuwa wata 'yar ƙaramar kalma ce take ɗauke da shi a baya: *he dashed out*, *she darted into the room*, *he sprinted across the road*.

Saboda haka duk lokacin da za ka faɗi irin wannan magana da Turanci, raba ta gida biyu. Tambaya ta farko, yaya aka tafi? Amsar ita ce aikatau ɗinka. Ta biyu, ina aka dosa? Amsar tana cikin ƙananan kalmomin nan: *out, into, across, off, away, past, through, up, down*. Wanda bai yi wannan rabon ba shi ne yake rubuta *he went out with running*, Hausa ce tsantsa sanye da rigar Turanci. Ko *he entered the room running*, wadda nahawu bai hana ba, ba ta kai *he ran into the room* sauƙi a kunne ba.

Mataki na biyu: gudun mutum, daga sassarfa zuwa iyakar ƙarfi

*Run* ita ce uwa, kuma babu laifi a yi amfani da ita. Sauran suna ƙara mata bayani ne.

*Jog* ita ce sassarfa: gudu kaɗan-kaɗan, mai ɗorewa, irin na mai motsa jiki da sassafe. Mai yin *jog* ba ya tsoron komai, ba ya kuma neman cimma kowa. Kada ka ce ɓarawo ya yi *jog*, sai dai in kana so a yi dariya.

*Sprint* gudu ne na iyakar ƙarfi a gajeriyar tazara. A wasannin tsere, mita 100 da 200 da 400 su ake kira da wannan suna. Usain Bolt na Jamaika ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, wato kusan kilomita 37 da rabi a awa idan aka daidaita lissafin. Babu ɗan Adam da zai riƙe irin wannan gudun har tsawon kilomita 42.195 na gudun yada-ƙanin-wani, don haka *he sprinted from Kano to Wudil* magana ce da ba za ta yiwu ba.

*Dash* gajeren gudu ne na ba-zata, kuma akwai dalili a bayansa: ruwan sama ya tsuge, ko mota za ta tashi, ko an bar tukunya a kan wuta. *She dashed into the kitchen.* A nan akwai tarko ga ɗan Nijeriya da ɗan Gana, domin a Turancin yankinmu *dash* kyauta ce, kamar a *dash me money*. Ba'ingile ko Ba'amurke da bai taɓa zuwa Afirka ta Yamma ba ba lalle ne ya gane wannan ma'anar ba, kuma ba a sa ta a rubutun jarrabawa.

*Dart* ta fi *dash* gajarta da kaifi. Asalinta ƙaramar kibiya ce da ake jifa da ita, kuma hoton kibiyar yana nan cikin aikatau ɗin: ƙadangare ya yi wuf ya shige rami, yaro ya yi fit ya faɗa titi tsakanin motoci. Ana faɗin ta ga ido ma, *his eyes darted around the room*, ga wanda yake raba ido cikin rashin gaskiya ko fargaba.

*Race* tana da fuska biyu. Akwai tsere na gasa, akwai kuma gudun wanda lokaci ya ƙure masa, *we raced to the airport*. Idan gaban mutum yana dukan uku-uku, da ita ake faɗa: *my heart was racing*. *Charge* kuwa gudu ne da ƙarfi kai tsaye zuwa kan wani, kamar sa ya taso wa mahauci a hawan ƙaho, ko mahaya sun saki linzami sun doshi gaban sarki a hawan salla.

Mataki na uku: gudun ceton rai

*Flee* ita ce guje wa haɗari, kuma ita ce kalmar 'yan jarida: *thousands fled their homes*, dubban mutane sun tsere daga gidajensu. Shuɗaɗɗen lokacinta *fled* ne, babu *fleed*. Tana iya ɗaukar karɓau kai tsaye, *he fled the country*, ba sai an sa *from* ba. Kada a haɗa ta da *fly*, wadda take komawa *flew*.

Tsakaninta da *escape* akwai bambancin da ke tsakanin "ya gudu" da "ya tsira". Wanda ya yi *flee* ana iya cafke shi a kwana ta gaba, amma wanda ya yi *escape* ya sha. Shi ya sa *he fled but was caught* take daidai, yayin da *he escaped from prison* take nuna lallai ya fita daga gidan yarin.

*Bolt* zabura ce ta firgici, kamar ta doki da ya ji ƙara ya ƙwace. Idan aka faɗe ta ga mutum, ita ce ta fi kusa da "ya ranta a na kare" ko "ƙafa me na ci ban ba ki ba". Turanci yana da nasa salon maganar, *he took to his heels*, kuma yana da kyau a labari in ba a maimaita shi ba. Sai a kula, *bolt* ɗin nan ita ce sakata: *he bolted the door* nufinta ya danna wa ƙofa sakata, babu gudu a ciki. Abin da ya biyo bayan kalmar shi ne yake raba gardama.

*Abscond* ta kotu da ofis ce: ma'aji ya arce da kuɗin ƙungiya, ko wanda aka ba beli ya yi layar zana. *Stampede* turmutsitsi ne, na garken shanu ko na taron jama'a, mutum ɗaya ba ya yin sa. *Scramble* tana nufin rububi ko wawaso idan *for* ta biyo ta, *they scrambled for seats*, tana kuma nufin hawa da hannu da ƙafa cikin gaggawa, *he scrambled over the wall*.

Mataki na huɗu: dabbobi da ababen hawa

Tafiyar doki bayan *walk* hawa uku ce. *Trot* ita ce sassarfarsa, ana jin bugu biyu a ƙasa. *Canter* matsakaicin gudu ne mai bugu uku. *Gallop* ita ce sukuwa, bugu huɗu. Ƙananan halittu suna da nasu: ɓera yana *scurry*, kyankyaso da ƙaguwa suna *scuttle*, 'yan awaki da yara masu wasa suna *scamper*. Idan ka jingina *scurry* ko *scuttle* ga babban mutum ka ƙasƙantar da shi, domin hoton ɓera kake ɗora masa. A rubutun labari wannan makami ne, a wasiƙar aiki kuwa ɓarna ce.

Ga mota akwai *speed off*, ta tashi a guje, da *zoom past*, ta wuce fuu da ƙara, da *accelerate*, ƙara wuta. *Hurtle* ta abu mai nauyi ce da yake gudu kamar ya ƙwace, irin tirelar da birkinta ya tsinke a gangara. Ba ita ce *hurdle* ba, wato shingen da ake tsallakewa a tsere, fagen da Tobi Amusan 'yar Nijeriya ta kafa tarihin duniya a mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022. Sai kalmar da kowa yake ji a bakin direbobi, *overspeeding*. A daidaitaccen Turancin Ingila da Amurka *speeding* kaɗai ta isa, domin ita kanta tana nufin gudun da ya wuce ƙa'ida: *he was fined for speeding*.

Mataki na biyar: gaggauta aiki

*Hurry* ita ce hanzari na yau da kullum, lokaci ne ya yi kaɗan. Ana cewa *hurry up* ko *be quick*. *Do quick* ta Turancin Buroka ce. "Sauri nake" shi ne *I'm in a hurry*, kuma *a* ɗin nan dole ce. *I am in haste* da ake yawan ji tsohon salo ne da ba a cika faɗa a hira ba, ko da yake *in haste* tana nan a rubutu, kamar *the letter was written in haste*, kuma ita ba ta ɗaukar *a*.

*Rush* ta fi *hurry* zafi, kuma sau da yawa tana ɗauke da zargi. *A rushed job* aiki ne na shafa-mu-lera da aka yi cikin garaje. *Don't rush me* kada ka azalzale ni. *They rushed into marriage* sun afka aure ba tare da nazari ba. Amma a maganar asibiti babu zargi ko kaɗan, ita ce daidai da garzayawa: *he was rushed to hospital* a Ingila, *to the hospital* a Amurka.

*Hasten* ta rubutu ce, kuma an fi jin ta a wurare biyu: *I hasten to add*, idan mai magana yana son ya yi maza ya gyara fahimta, da kuma gaggauto da abin da dama yana tafe, *the drought hastened the collapse*. *Expedite* ta ofis ce zalla. Ana yin ta ga takarda, biyan kuɗi, neman biza ko aika kaya: *please expedite the payment*. Ba a yin ta ga mutum, kuma ba ta tsayawa ita kaɗai ba tare da karɓau ba. Ga mai rubuta wa na gaba da shi, *ASAP* tana da kaushi, kamar umarni take. *As soon as possible* a cike ta fi ladabi, *at your earliest convenience* kuma ta fi su duka taushi, amma tana ba wanda aka rubuta wa damar ya ja lokaci. In abin yana da wa'adi, rubuta ranar: *by Friday 14 March*.

Mataki na shida: sifofi takwas da Hausa take tarawa cikin "mai sauri"

A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka a nan ya kamata a fi daɗewa.

*Fast* tana auna gudun abin da yake tafiya: *a fast car, a fast train, a fast runner*. *Quick* tana auna ƙarancin lokacin da abu ya ɗauka: *a quick look, a quick question, a quick meal*. Gwajin mai sauƙi ne. Idan za a iya tambayar kilomita nawa yake yi a awa, *fast* ce. Idan minti nawa aka ɓata ake tambaya, *quick* ce. Akwai waɗanda suka fita daga ƙa'idar, sai a haddace su yadda suke: *fast food*, da agogon da ya wuce lokaci, *my watch is five minutes fast*. Ga ɗalibi mai saurin fahimta duk biyun suna aiki, *a fast learner* ko *a quick learner*.

*Fast* sifa ce kuma bayanau ce, siffarta ba ta canzawa: *he drives fast*. Babu *fastly* a Turancin yau, haka ma *more faster* kuskure ne, *faster* ta isa. Tarihin kalmar yana warware wani ruɗani. A tsohon Turanci *fast* tana nufin abin da ya kafu daram, shi ya sa *fast asleep* take nufin barci mai nauyi, *hold fast* riƙe gam, *fasten* kuma ɗaurewa. Ita ce dai azumi, kuma *breakfast* a zahiri karya azumin dare ne, kusan yadda muke cewa karin kumallo. *Quick* ita ma a da "mai rai" take nufi.

*Rapid* ta canji da tsari ce, kuma ta rahoto da kimiyya ce: *rapid growth, rapid change, rapid decline*. Gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga jini a kan ɗan faifan roba a sami sakamako cikin minti 15 zuwa 20 sunansa *rapid diagnostic test*. Motocin BRT da suka fara aiki a Legas a 2008, harafin tsakiya na sunansu wannan kalmar ce, haka harafin farko na sunan rundunar RSF ta Sudan. Mai shirin jarrabawar Turanci ta IELTS zai buƙace ta a aikin rubutu na farko, inda ake bayanin jadawali da aƙalla kalmomi 150: *prices rose rapidly*. Ba a cewa *a rapid car*.

*Swift* sauri ne mai tsabta, ba tare da jan ƙafa ba, kuma yabo ne: *swift action, a swift response*. *Prompt* yin abu ne a kan kari: *a prompt reply, prompt payment*. Mai biyan bashi ran da aka yi alkawari *prompt* ne ko da tafiyar hawainiya ya yi zuwa banki. *Brisk* kuzari ne, *a brisk walk* tafiya da ƙarfi wadda ba ta kai sassarfa ba, *business is brisk* kasuwa tana ci. *Speedy* an fi saninta a gaisuwar mara lafiya, *I wish you a speedy recovery*.

*Hasty* ita ce mai haɗari, domin suka ce. *A hasty decision* hukunci ne na garaje, irin wanda Bahaushe yake cewa sauri ya haifi nawa, Bature kuma ya ce *more haste, less speed*. Wanda ya rubuta wa shugabansa *thank you for your hasty reply* yana nufin godiya, amma abin da ya faɗa shi ne an ba shi amsa ba tare da tunani ba. *Prompt* ko *swift* ya kamata ya sa. *Rash* ta fi *hasty* muni, ganganci ne.

Sai wasu uku da ake cakuɗawa: *come quickly* zo da sauri, *come early* zo da wuri, *come soon* zo nan ba da jimawa ba.

Mataki na bakwai: furuci da rubutu

Harafin f na Hausa da leɓɓa biyu ake furta shi, don haka yana faɗawa tsakanin *f* da *p* na Turanci. A wannan fagen abin yana da tsada, domin *he ran fast* da *he ran past* duk jimloli ne ingantattu masu ma'ana daban. Ga *f*, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska. Ga *p*, rufe leɓɓa ka sake su da ƙarfi. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka: a *past* za ta yi tsalle sau ɗaya, a *fast* kuwa da ƙyar za ta motsa. Yi haka da *rapid, prompt, sprint, gallop*.

Wasalin *run* da *rush* yana kusa da gajeren a na Hausa. Na *ran* da *rash* yana tsakanin a da e, baki a buɗe, leɓɓa a baje. Ba a furta *t* a *hasten*, ana cewa kusan "heisin", amma ana furta ta a *hasty*. Ɗafin *-ed* kuma ba koyaushe yake zama gaɓa ba: *rushed, dashed, raced* gaɓa ɗaya ce kowacce, tana ƙarewa da sautin t. Sai aikatau ya ƙare da sautin t ko d ake ƙara gaɓa, kamar *darted, bolted, sprinted*.

A rubutu, kalma mai gaɓa ɗaya da ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya tana ninka baƙin: *jogged, trotted, running*. *Galloped, cantered, hastened* ba sa ninkawa, saboda nauyin furucinsu yana kan gaɓar farko. Harafin *y* yana komawa *i* a *hurried, scurried, hastily*, amma yana nan a *hurrying*.

Mataki na takwas: bita da gwaji

Kalmomi biyar a rana sun isa. Yanki kati, rubuta cikakkiyar jimlar Turanci a gaba, ba kalmar ita kaɗai ba, domin abokan tafiyarta su ne rabin ma'anarta. A baya rubuta yanayin da Hausa, misali "an yi gaggawar kai shi asibiti". Daga Hausar za ka fara, ka nemo Turancin da ka. Duba katin washegari, sai bayan kwana 3, sai kwana 7, sai kwana 14. Wanda ka faɗi a kansa ya koma ranar farko. Duk kalmar da ka yi shakka, duba misalan jimlolinta a ƙamus na masu koyo irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, ka lura da alamar *formal* ko *informal* da ke gefenta.

A sashen fahimtar rubutu na WAEC akan ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata yadda aka yi amfani da ita a cikin nassin. Idan nassin ya ce *the thief bolted when he saw the police*, amsar ita ce *fled*. Wanda ya rubuta *flee* ya gane ma'ana amma ya saɓa lokaci, wanda ya rubuta *locked* kuma ya tafi wajen sakata. Kafin ka miƙa amsa, cire kalmar asali, sa taka a gurbinta, ka karanta jimlar daga farko.

Yanzu koma kan labarin kasuwar nan ka gwada: *The thief snatched the bag and bolted. Traders charged after him as he darted between the stalls and scrambled over a wall. A policeman sprinted across the road, and the injured woman was rushed to hospital.* Aikatau na gudu shida ne a jimloli uku, kuma *quickly* ba ta fito ko sau ɗaya ba. Wannan yawan ya dace da wurin da labari ya ɗau zafi kawai. A sakin layin da ake zaune ana ciniki, *walked* da *ran* sun wadatar, kuma in ka sa *dashed* ko *sprinted*, kada ka ƙara mata *quickly*, saurin yana cikinta.